Rasuwar Gajere, Wanda Na Ɗaga Har Ya Daina Sallama

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika, kunya kuma ta danne, ni Na Allah ɗan Sirajo, manomi a ƙauyenmu na gabas da Korgom, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na ƙasar Tasawa da ta Mayahi rasuwar moto ɗina, wato babur, wanda kowa ya sani da suna Gajere. Ya rasu ranar Talata bayan la'asar, a bakin tsohuwar rijiya, yana da shekara goma sha huɗu a hannuna. Na san ƙarfe ba ya da rabo a addu'ar mamaci, don haka ban roƙa masa ita ba. Shaida kawai zan bayar, kuma ina roƙon a karanta ta har ƙarshe, domin akwai mai rai da take shafa.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya ɗauki hatsi da gyaɗa zuwa kasuwar Maijirgi, ya kai masu naƙuda gidan likita, ya taɓa ɗauko rago daga garin Sarkin Hausa ba tare da ya yi gardama ba. Bugu ɗaya yake tashi. Bai san ƙyamar rairayi ba. Aibinsa guda ne, shi ne kuma asalin sunansa: cikinsa kusa da ƙasa yake. Duk lokacin da aka karkata shi a kwana, ƙarfen da ake tsayar da shi a kai da matakin ƙafar hagu sukan taɓa ƙasa.

Wanda bai san ƙauyenmu ba, ga yadda wurin yake. Ana gangarowa daga tudu, sai hanya ta yi kwana ta hagu a kan wani fako mai tsakuwa, shingen aguwa ya rufe abin da ke gaba. Bayan shingen rijiya take. Zurfinta ya fi ƙarfin hannu, saboda haka da rani Gidaɗo makiyayi ke jan guga da sansa. San yakan yi nisa da igiya, ita kuma ta miƙe ta gitta hanya daidai ƙirjin mutum, matarsa Mairo na tsaye bakin rijiya tana jiran gugan ya fito ta tarbe shi. Ni kuwa, kamar yawancin mutanenmu, ina kashe inji tun daga kan tudu don kada esansi, wato fetur, ya tafi a banza. Gangara ke kawo ni gida shiru.

Amma Gajere ba ya shiga kwanar nan shiru. Da ya karkata sai ka ji shi: ƙirrr, ƙarrr. Da jin haka Gidaɗo kan ja sansa baya taki biyu, igiya ta kwanta a ƙasa, in taka ta in wuce. Ba mu taɓa zama muka shirya haka ba. Shekaru ne suka shirya mana. Yakan ɗaga mini sanda yana dariya, ya ce, "Kaɗo, ƙarfenka ya fi ka ladabi, shi ke fara sallama." Matata Zara'u ma daga tsakar gida take jin ƙarar, ta tashi ta dama fura.

Yanzu zan faɗi ciwon ajalinsa, kuma ni na sa masa shi. 'Yan kabu-kabu na kasuwar Korgom sun daɗe suna mini ba'a. In na tsaya sai wani ya ce, "Baba, noma kake da shi ne? Mun ga kunyar da ka ja a hanya." Da furfurata na bar wannan magana ta shige ni. Na kai Gajere Tasawa wurin Rabi'u mai walda, na ce a ɗaga shi. Ya cire ƙarfen tsayawa na tsakiya, ya sa masa amortisar, wato ƙarafan da ke shanye gargada, masu tsawo a baya, ya lanƙwasa matakan ƙafa sama, ya ƙara wa tayoyi iska. Aikinsa mai kyau ne, ba ni da abin cewa a kai. Kafin ya taɓa komai sai da ya nuna mini inda ƙasa ta cinye ƙarfen har ya yi sheƙi, ya ce, "Baba, wannan ne ke gaya maka ka karkata ya isa. In na cire, babu mai gaya maka." Na ce masa tun ba a haife shi ba nake bin hanyar nan. Ya ɗauki guduma.

Na ɗauka gargaɗin nawa ne ni kaɗai. Ban tuna da waɗanda ke bayan shinge ba.

A ranar na komo gida. Na kashe inji a kan tudu yadda na saba. Na shiga kwana, na karkata fiye da kullum, babu abin da ya taɓa ƙasa, kuma ina shaida cewa na ji daɗi. Daɗin bai kai numfashi biyu ba. Igiya na miƙe, guga cike a bakin rijiya, Mairo ta riga ta kama shi. Kan Gajere ya ɗauki igiyar. Na faɗi gefe, shi ya wuce ya bugi kwamin siminti na shayar da dabbobi, ƙashin bayansa ya tsage, ƙafar gaba ta naɗe. Nan take ya cika.

Daga inda nake kwance na ga Mairo. Fizgar igiyar ta jefa ta kan bakin rijiya, rabin jikinta a ciki, hannu ɗaya riƙe da itacen da igiya ke gudu a kansa. Gidaɗo ya kai gare ta kafin hannun ya saki. Wuyan hannunta na dama ya karye, an ɗora, tana samun sauƙi. Shi bai zage ni ba. Ya dube ni, ya dubi Gajere, ya ce, "Ban ji ka ba, Na Allah." Rabon da ya kira ni da sunana tun muna samari. Tun ranar bai sake kawo shanunsa rijiyar ba, can yake kai su wata mai nisa, tafiyar rabin yini.

Ina jin ana cewa laifin mai igiya ne, wai bai kamata makiyayi ya gitta wa mutanen gari hanya ba. Na kuma ji an kai maganar gaban mai gari, ana neman a hana shi jan ruwa a nan. Saboda haka na ɗauki biro da hannuna. Igiyar Gidaɗo ta riga Gajere zuwa wurin, ta uban Gidaɗo kuma ta riga tasa. Ba ta taɓa kayar da kowa ba sai ranar da na cire wa moto ɗina murya ban gaya wa kowa ba. Rabi'u ya yi gargaɗi. Laifin nawa ne.

Marigayin ya bar mabuɗi ɗaya, da famfon iska, da igiyar roba ta ɗaure kaya, da madubin dama wanda bai fashe ba. Ya bar Zara'u, wadda har yau takan ɗaga kai bayan la'asar, sannan ta tuna ina zaune gefenta. Ya bar ni. Ni ma ina jin sa. Ina cikin alwala ko ina gyaran darni sai in ji ƙirrr daga wajen kwana, sarai, in miƙe in duba, babu kowa a hanya. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, a duk lokacin da na ji, sai zuciyata ta ce igiya ta kwanta, kowa lafiya. Sai daga baya gaskiya ta komo.

Ga tsarin jana'iza. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, za a ɗauki gawar a amalanken jaki daga ƙofar gidana zuwa Tasawa, inda Rabi'u zai raba abin da ya rage ga masu bukata. Ba a karɓar komai, ba a dafa komai. Ƙarfen tsayawa da aka cire tun yana da rai shi kaɗai zai zauna. Zan rataye shi a gungume a bakin kwana, da guntun ƙarfe kusa da shi, domin duk mai gangarowa ya tsaya ya buga kafin ya shiga. Ina roƙon mai gari ya halarta, in maimaita abin da na rubuta da bakina a gabansa.

Zaman makoki a bakin rijiya za a yi shi, a kan tabarmata, daga hantsi zuwa la'asar. Ban sa masa kwana uku ko bakwai ba. Ranar da san Gidaɗo ya sake jan igiya ta gitta hanyar nan, ranar zan naɗe tabarma. Wanda ya san inda yake shayarwa yanzu, don Allah ya karanta masa wannan takarda.