Gurgun Agogonmu Ya Tsaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗar da ta gaji da jijjiga, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan aiki rasuwar agogon hannu na gidanmu, wanda muke kira Gurgu. Ya cika ranar Laraba da hantsi, a cikin tukunya, kwana biyar kafin hutun haihuwata ya ƙare. Ni ce na ɗora tukunyar.

Maigidana ne ya haɗa marigayin da hannunsa, shekara biyu da suka wuce. Ya ga hoton wani agogon masu hannu da shuni, irin wanda ake kullewa a bayan gilashi, ya ce tunda ba zai saya ba, to zai ƙera. Injin ciki daga tsohon agogon kawunsa ya ciro. Fuskar kuwa shi ya zana ta da burushi mai gashi uku, da gilashin ƙara girma manne a ido ɗaya. Wata biyar muna cin abinci a ƙasa, saboda teburin ya koma ɗakin tiyata, ni kuma an hana ni shara kada in kwashe wata kusa da ba ta kai ƙwayar yashi ba.

Marigayin mai kwarjini ne daga nesa. Daga kusa, lamba takwas ta ɗan jingina da bakwai. Kullum yana makara da minti shida, amma bai taɓa ƙarawa ba, bai taɓa ragewa ba, kuma a wajena wannan ma riƙon amana ne. Bai taɓa cewa shi na asali ne ba. Rubutun goshinsa ne ya ce, shi ma ba shi ya rubuta ba.

Aibinsa ɗaya murya. An ce na asali ba a jin motsinsa. Namu ana jin sa daga bakin ƙofa, kuma da ɗingishi yake tafiya: cak, cak, ca-cak. Cak, cak, ca-cak. Abin ya dami maigidana har ya daina fita da shi.

Sai muka haifi Ƙarama, ta zo da kukan ciwon ciki wanda ba ya jin goyo, ba ya jin jijjiga. Wata rana babanta ya ɗauke ta da agogon a hannunsa, kunnenta ya faɗa a kai, ta yi tsit. Tun daga ranar Gurgu ya bar harkar lokaci, ya kama reno. Da shi take barci, da shi take shan magani, da shi aka yi mata allura ba ta tara mana jama'a ba. Surukata, wadda gwiwa ta hana ta tsayuwa, ta yarda za ta riƙe min ita idan na koma aiki ranar Litinin, amma da sharaɗi: muddin Gurgu na nan.

Jinyarsa gajeruwa ce. Ƙarama ta fara haƙori, ta koma tauna maɗaurinsa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, duk abin da zai shiga bakin 'yata sai ya bi ta tafasasshen ruwa: cokali, kwalba, abin wasa. Kuma ban yi gaggawa ba, sai da na karanta. A fuskarsa an rubuta ƙarara cewa yana jure ruwa har zurfin mita ɗari uku. Ruwan tukunyata bai kai tsawon yatsa ba.

Da na tsamo shi, hazo ya rufe gilashin, lamba takwas tana yawo a ciki ita kaɗai. Na kara shi a kunne. Ya ce cak. Na jira ca-cak ɗin, bai zo ba.

Da maigidana ya dawo, ya daɗe yana juya gawar a tafin hannunsa. Sannan ya shaida min, cikin sanyin murya, cewa mita ɗari ukun shi ya rubuta, don kuwa haka ya gani a jikin na hoton, kuma ko yayyafi aka fara a aljihu yake ɓoye shi. Bai yi min faɗa ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi.

Mun binne shi a shinkafa don ta zuƙe ruwan, mun shanya shi a rana. Mai gyaran agogo ya buɗe bayansa, ya ce tashinsa ba wuya idan an sauya inji, amma ɗingishin nan ko wanda ya yi shi bai san yadda aka yi ya yi shi ba. Maigidana ya sunkuyar da kai, domin gaskiya ce.

Marigayin ya bar mahaifinsa, da gwangwanin kusoshi, da ƙanne shida da aka ƙera a bayansa. Dukansu lafiyayyu, masu cika alƙawari, ba a jin ko numfashinsu, domin hannun maigidana ya riga ya faɗa. Mun kara mata su ɗaya bayan ɗaya, ta yi jifa da huɗu. Marigayin ya kuma bar hotuna fiye da ɗari a wayar babanta, ta gaba da ta gefe, amma babu wanda ya taɓa tunanin ɗaukar muryarsa. Na gwada da harshena, na gwada da cokali a bakin kofi. Takan yi shiru ta saurara, ta dube ni kamar na ci amanarta, sannan ta ɗora daga inda ta tsaya. Yanzu haka babanta na kan tebur da mafi kyawun ƙannen, yana neman yadda zai gurgunta shi da gangan. Kwana uku ke nan, agogon ya ƙi lalacewa.

Za a naɗe marigayin a ƙyalle, a sa shi a gwangwani mai murfi, a ɗora can saman kabad inda ƙaramin hannu ba ya kaiwa. Masu zuwa ta'aziyya su wanke hannu a bakin ƙofa, domin duk wanda ya shigo za a miƙa masa yarinya. Wanda ke da agogo mai ɗingishi, ko na bango ne, don Allah ya taho da shi, na yi alƙawari gogewa kawai zan yi.

Za a rufe zaman makoki ranar Litinin, ƙarfe bakwai da rabi na safe, lokacin da zan miƙa Ƙarama ga kakarta in ɗauki jakata. Ina roƙon mutum ɗaya mai taurin zuciya ya zo ya raka ni har bakin titi, kada ya bar ni in waiwaya.