Ranar da na dafa irin farin kabeji

Ba zan taɓa mantawa da ranin farko da na yi a gidan marigayi maigidana ba, tun Kontagora tana ƙarƙashin Sakkwato. Yana da lambu a bakin rafi, kuma ya ƙwallafa rai a kan farin kabeji. Shekarar da ta gabata ciwo ya cinye masa shi kaf: bakin ganye ya yi rawaya, jijiyoyi su yi baƙi, kai ya ruɓe yana wari.

Malamin gona ya ce masa ciwon a jikin iri yake ɓuya. Ya kawo ɗan ƙullin iri daga Zariya, ya ce a jiƙa shi a ruwan zafi na ɗan lokaci kafin a shuka. Maigida ya miƙo mini ƙullin, tunda wuta tawa ce.

Ni kuwa na yi tunani (a lokacin ina ji da tunanina): in zafi kaɗan yana kashe ciwo, ai mai yawa ya fi. Na ƙara ice, na rufe tukunya, na bari ta tafasa sosai.

Aka shuka. Kullum sai maigida ya durƙusa a bakin kwamin da aka zuba irin yana leƙe, ko tsiro ɗaya babu.

Ran nan malamin gona ya zo da manoma daga Nasko don su ga aikin. Na kai musu kunu lambun, na tarar sun kewaye ƙasa tsirara.

Malamin ya ce, "Amarya, ruwan nan ya yi zafi kuwa?"

Na gyara mayafi, na ce, "Malam, kada ka ji komai. Sai da na murza ɗaya na ji ya nuna kafin na sauke."

Wani dattijo ya ƙware da kunu. Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Maigida ya daɗe yana kallon kwamin. Can ya ce, "To, Malam, ciwo dai ya mutu."

Bai yi mini faɗa ba, ba a nan ba, ba a gida ba. Albasa muka dasa a ranin. Amma har ya bar duniya bara, duk sanda na ɗora tukunya sai ya leƙo ya ce, "Ruwan shayi ne ko na shuka?"

Allah ya jiƙansa. Yanzu in na ɗora ruwa, ni nake yi wa kaina tambayar. Na kuma koyi cewa in an ba ka magani, ka tambayi iyakarsa, don kada ka haɗa ciwo da mara lafiya a tukunya ɗaya.