Kifin Rafinmu Ya Daina Ƙwai

Jama'a, shekaranjiya na sha kunya a gaban surukina. Mai ɗakina ce ta aike ni bakin rafi in sayo kifi mai ƙwai, don babanta ya zo, kuma tsohon nan in babu ƙwan kifi a kwano, a wurinsa ba a yi girki ba.

Na sami Dogo masunci, maƙwabcina. Ya farke cikin wannan kifi, wayam. Ya farke wancan, wayam. Can ya goge wuƙa a wando ya ce, "Malam, kar ka ƙarar min da kifi. Matan sun daina ɗaukar ƙwai, mazan kuma sai zagaye suke yi kamar 'yan kallo. In aka ci gaba a haka, baɗi sayar da jirgin nan zan yi."

A gida surukina ya juya cokali, ya sake juyawa, sannan ya ɗago ya ce, "Ko a hanya ka cinye?"

Ƙanwar matata ce ta cece ni, wadda ke karatun kiwon kifi. Ta ce maganin kashe ciyawa ne da ake fesawa a gonakin gefen rafi. Ruwan sama ya wanke shi, ya gangara. Kifin ba ya mutuwa nan take, amma ƙwai ya ragu, wanda aka zuba ma da ƙyar ya ƙyanƙyashe.

Na tuntuɓi Kawu mai gonar masara. Ya ce, "Ɗana, bayana ya daina shiri da fartanya. Kuma ai Mai Girma Uban Talakawa ne ya raba mana maganin. Nawa ake zubawa kuwa, Allah ne masani." Ya nuna min jarkar. Gaskiya a jinjina wa Mai Girma: hotonsa ya fito tas, har ya rufe wurin da aka rubuta yadda ake amfani da maganin.

Jiya ni da Dogo muka tafi wurin Yallaɓai Babban Mai Lura da Abin da Ke Cikin Ruwa. Ofis sanyi ƙalau. A kusurwa ga akwatin gilashi, 'ya'yan kifi na ta wutsil-wutsil.

"Wa ya ce kifi ba ya haihuwa?" in ji Yallaɓai. "Ga nawa nan."

Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, wane ruwa ake zuba musu?"

"Na roba mana. Wa zai ba su na rafi?"

Ya yi mana alkawarin kwamiti, wanda zai fara da zuwa ƙasar waje ya ga yadda kifin can ke tafiyar da iyalinsa.

Da yamma dai Dogo ya tara manoman da kansa. Aka yi hayaniya, aka yi dariya, aka daidaita: ba feshi in hadari ya haɗu, ba wanke abin feshi a rafi, a kuma bar ciyawar bakin ruwa ta tsaya. Kawu ya ce wannan ta ƙarshen ta fi masa daɗi, tunda ba aiki a cikinta.

Yau da safe kuma sakataren Yallaɓai ya bugo min da albishir: kwamitin ya haifi ƙananan kwamitoci uku, duk suna cikin ƙoshin lafiya. Barka da arziki. Ashe dai su ma ba ruwan rafi suke sha ba.