Ranar da na kama hannun ɗan sanda a hanyar Kwangila

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya share duk abin da ke kaina, da safiyar da na damƙe wuyan hannun ɗan sanda a bakin titi, tsakanin Samaru da Kwangila, na ce sai ya buɗe tafinsa jama'a sun gani. Har yau in na tuna sai fuskata ta ɗau zafi kamar na leƙa tukunyar kalwa tana tafasa.

Bari in fara faɗa muku ko ni wace ce, don ku san ba tsautsayi kaɗai ba ne, da halina a ciki. Daddawa nake yi, a kanta na tsufa. Ban taɓa shiga aji ba, in ka miƙo min takarda a kife ba zan san a kife take ba. Amma Allah ya ba ni ido. A kasuwar Samaru ba a yi mai awon da zai dunƙule yatsa cikin mudu ban gan shi ba. A coci kuwa bencin baya na ɓangaren mata ne wurina, yarinyar da ta karkata kai wajen samari ana cikin wa'azi, tari ɗaya zan yi ta dawo hayyacinta. ('Yan zumuntar mata suna ce min Uwar Ido in ba na wurin, wai a zatonsu ban sani ba.) Ni kuma na ɗauki sunan nan kamar rawanin sarauta.

Autata Saratu tana aure a Bomo. Mijinta ba zan kama sunansa ba, suruki ne, baban Iliya nake ce masa. Direba ne, mutum mai sanyin hali. Kamfanin da yake ja wa mota ya rufe, ya daɗe a gida yana 'yan buge-buge, yau ƙodago a gonar wani, gobe shiru. Ga Saratu da tsohon ciki. Ana cikin haka sai aka ji wata masana'anta a Chikaji tana neman direban motar rarraba kaya. Aka ce masu so su hallara da safe, manaja da kansa zai zauna a gefe kowa ya tuƙa ya gani, wanda ya makara kuma kada ya wahalar da kansa. Wani malamin makaranta maƙwabcinsu ya tausaya masa, ya ba shi aron motarsa tun jajibere, don ya ɗan motsa hannu, ya kuma isa can da tsabtarsa, ba a bayan ɗan acaɓa taɓo na fallatsa masa ba, tunda damina ce.

Da labari ya zo min cewa akwai motar da za ta bi ta Sabon Gari a kyauta, sai na tuna da kwandon daddawa biyu da wata mai sayar da abinci take jira a can. Na aika a kira min Saratu. Ta zo tana murza bakin zani.

"Mama, don Allah ba gobe ba. Gobe ce ranar gwajinsa."

Na ce, "Hanyar ba ɗaya ba ce? Ko daddawata ce za ta fasa masa taya?"

Ta juya ta tafi. 'Ya'yana sun san in na yanke magana ta yanku.

Da sassafe ya zo cikin farar riga da ta sha guga. Ya durƙusa ya gaishe ni idonsa a ƙasa, ya ɗauki kwandunan ya sa a but ɗin motar, na shiga baya na zauna. Ba mai cewa uffan, ai kun san suruki da surukarsa. Ba mu yi nisa ba motar malam ta cika da ƙamshin sana'ata (ni ƙamshi nake ce masa, wasu suna da wani sunan), ya sauke gilashi a hankali kamar yana neman gafarar gilashin.

Kafin mu kai Kwangila sai ga 'yan sanda sun sa tayoyi a hanya. A lokacin an matsa da tambayar takardar inshora, ko'ina maganar direbobi ke nan. Ni iyakar abin da na fahimta, takarda ce da ke nuna in ka buge motar wani ko ka ji wa mutum, akwai masu biya. Wani dogon saurayi siriri a cikinsu ya ɗaga mana hannu. Ya leƙo, ya gan ni, ya ɗan rage tsawo.

"Mama, ina kwana? An tashi lafiya?"

Na amsa masa a daƙile. Ni da 'yan sanda na daɗe da yanke musu hukunci a raina. Na tsufa ina shiga motar haya, na sha ganin yadda kwandasta yake dunƙule hannu ya miƙa ta taga, a dunƙule a karɓa, mota ta wuce. Ba na karanta takarda, amma hannu kam ina karanta shi.

Ya nemi lasin, aka ba shi. Ya nemi takardun mota, baban Iliya ya buɗe aljihun gaba ya zaro su. Ya duba ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Inshora fa?" Nan aka fara lalube. Aka duba ƙarƙashin kujera, aka duba jikin ƙofa, babu. Baban Iliya ya kira mai motar, waya a kashe, malam ya shiga aji. Na ga gumi ya fara jiƙa bayan farar rigar.

"Ɗan fito mu yi magana," in ji ɗan sandan.

Suka zaga bayan mota. Ni kuwa na juya, na kafa musu ido ta gilashin baya. Ba na jin abin da suke cewa. Na ga surukina yana magana yana nuna agogo. Na ga ɗan sandan ya waiwayo ya dube ni, sannan ya kaɗa hannu alamar a tafi. Sai baban Iliya ya rusuna, ya kama hannun damansa da hannu bibbiyu, ya riƙe ya daɗe. Da ya saki, ɗan sandan ya sauke hannun a dunƙule.

A wurina magana ta ƙare. Mutumin da nake aika wa gidansa masara a ɓoye, wanda matarsa ke watan haihuwa, ɗan ƙungiyar mawaƙa a coci, shi ne zai ba da cin hanci a gaban idona? Wanda ya karɓa kuma yanzun nan ya gama ce min Mama!

Gwiwoyin nan da ke hana ni hawa matakalar coci, ranar ban san ina da su ba. Ban san lokacin da na ɓalle ƙofa na isa gabansa na cafke masa wuyan hannu ba.

"Buɗe!"

"Mama, lafiya?"

"Lafiyar ce ta kawo haka. Buɗe hannun nan ka mayar masa da abin da ka karɓa. Kakin nan an ba ka ne ka tsare mu ko ka tatse mu? Ba ka da uwa a gida?"

Kan ka ce kwabo an taru. 'Yan acaɓa suka faka, mai shayi ya baro teburinsa da ludayi a hannu, wata bas cike da ɗalibai ta tsaya, wayoyi suka leƙo ta taga. Ina jin ana cewa, "Sai Mama!" wani ya ce, "Ba shi wuta, Iya!" Kaina ya yi girma. Baban Iliya ya matso ya ce, "Mama…" Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan. Wane suruki ne zai ce wa uwar matarsa ta rufe baki a bainar jama'a? Ban ko dube shi ba na ce, "Ba da kai nake ba."

Ɗan sandan ya buɗe hannun. Wayam. Ya buɗe ɗayan, biro ne kawai. Ba wanda ya sa shi, ya zazzage aljihunsa gaba ɗaya: usur, hankici, da ƙwayar maganin ciwon kai. Sai wani ɗan acaɓa ya fashe da dariya.

Mai hankali a nan zai saki hannun ya ba da haƙuri. Ni kunya ta sa na ƙara haƙa ramin. Babbansu ya taso daga gindin bishiya yana gyara hula, ya yi wani Turancin Sabon Gari da ban ji ba, sannan ya ce, "Iya, me ya faru?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan ba shi da takardar inshora. Da kunnena na ji, an birkice motar nan kaf babu. Amma wannan ya ce masa ya tafi. Kai ka taɓa ganin inda ɗan sanda ya saki mutum a banza?"

Kun ji fa. Da bakina, ba wanda ya tambaye ni, na kai ƙarar mijin 'yata.

Babban ya juya wajen yaronsa. "Gaskiya ne babu?"

"Yallaɓai, motar aro ce, mai ita malami ne yana aji. Sauran takardun duk daidai suke. Yana da gwajin aiki yanzu a Chikaji, ga kuma tsohuwa a mota. Shi ne na ce ya je, in ya dawo da yamma ya kawo min in gani."

Babban ya dubi wayoyin da ke kallonsu, ya yi ajiyar zuciya. "Da tsakaninka da shi ne, da ba ruwana. An ba ka dama ka duba mutum ka yi masa sassauci. Amma yanzu an ce ka ci kuɗi a gaban duniya. In na bar motar nan ta wuce, gobe ni da kai muna ofis muna bayani. Rubuta masa tara, a kai motar caji ofis sai takarda ta zo."

Baban Iliya ya durƙusa har ƙasa, farin wandonsa a taɓo. Ya roƙa a bar shi ya je ya dawo. Aka ce shi ne direba, shi zai kai motar, shi zai ba da bayani. Mota kuma ta aro ce, ba ya iya barinta a hannun kowa.

Yaron yana rubutu a kan but, ina tsaye a gefe kamar an dasa ni, sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, bai ɗago ba.

"Mama, kin tambaye ni ko ina da uwa. Ina da ita. Daddawa take yi a ƙauyenmu. Da na leƙa motar nan ƙamshin ne ya fara tuna min da ita. Hannu biyun da kika gani, godiya ce yake min."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Haka na koma bayan mota, ɗan sandan a gaba, muka nufi caji ofis. Aka ajiye ni a benci da kwanduna biyu, ƙudaje na kai min gaisuwa. Da aka gama rubuce-rubuce aka ce baban Iliya zai iya tafiya, rana ta riga ta yi sama. Kun san abin da ya fara yi? Keke Napep ya fita ya tsayar min, ya ɗora kwandunan, ya biya, ya rusuna ya ce, "Mama, a sauka lafiya." Sai bayan nan ya hau acaɓa zuwa Chikaji. Ya tarar an rufe ƙofa. Mai gadi ya ce masa manaja ya gwada waɗanda suka zo, ya ɗauki ɗaya, ya fita.

Takardar kuwa tana nan garau. Malam ya sabunta ta a makon, ya manta ta a jakarsa ta makaranta. Da aka tashi ya kawo, aka saki motar.

Da yamma Saratu ta zo. Na shirya wa kuka da faɗa, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zauna da ƙyar a bakin ƙofa ta ce, "Ya ce in tambaya ko kin isa lafiya." Can ta ƙara, "Mama, sau ɗaya a rayuwarki, da kin ga abu kin yi shiru." Tun da na haife ta ba ta taɓa yi min magana irin wannan ba.

Hoton ya zaga wayoyi (an ce har da waƙa aka sa masa). Ranar Lahadi ina shiga coci na ji wata yarinya ta raɗa wa ƙawarta, "Buɗe!" Na so in yi tari, tarin ya ƙi fita.

Bayan an kwana biyu na koma wurin tayoyin nan neman dogon yaron, in ba shi haƙuri. Waɗanda na tarar suka ce an mayar da shi wani wuri. Ko saboda ni ne, ko dama lokacinsa ne ya yi, ba wanda ya faɗa min, ni ma ban iya tambaya ba.

Baban Iliya yanzu yana wani gidan bulo a Jama'a, yana jido siminti. In ya zo gaishe ni ya dafa ƙasa, sai in ga hannuwan nan duk sun tsattsage sun yi fari. Sau ɗaya na ajiye kunyar surukuta na ce, "Baban Iliya, maganar ranar nan…" Ya ce, "Mama, ba rabona ba ne," ya miƙe ya tafi duba jaririyar da Saratu ta haifa. Ko haƙurin ma bai bar ni na bayar ba, ina nan da abina a baki.

Abin da na koya a tsufana shi ne, ido iyakarsa bayan hannu, abin da ke cikin tafi sai an tambaya. Kuma alherin da aka yi a ɓoye, in ka ja shi tsakiyar titi, mutuwa yake yi. Yanzu duk motar da na shiga, da na hango tayoyin 'yan sanda sai in jefa goro a baki. Haƙorana saura kaɗan, kafin in gama taunawa an sallame mu. Da na san wannan dabarar da wuri, da yau mijin Saratu yana bayan sitiyari.