Kunun Ladi da Kofin Tangaran

Lokacin da kuɗin fetur suka fara shigowa, ina malamin makaranta a Roni, zazzaɓi ya kwantar da matata a Kazaure, nononta ya ƙafe. Dole a yaye 'yarmu Ladi tun lokaci bai yi ba.

Mahaifiyata ta zo daga Gwiwa da ludayinta, ta ce in ba ta yarinyar.

Na ce, "Inna, ki huta, zamanin kofi ne. Mai riƙe aji guda ai jaririya ba za ta gagare shi ba."

Na sayo kofin tangaran mai zanen fure. In zuba kunu, in kurɓa a gabanta, in ce, "Kin gani? Haka ake yi." Tana kuka, ina ƙara gwada mata, har kofin ya ƙare.

Yarinya ta rame, idanunta suka zurma. Da Inna ta dawo, na miƙa wa Ladi kofin don a ga aikina. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta kai shi bakina.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta goya jikarta, ta ce, "Kai kam ka yayu."

Ladi ta murmure a Gwiwa, uwarta ta warke. Amma har yau, da furfurata, in aka miƙo min kunu a gidan suna, sai wani ya ce, "A riƙe wa Malam, sabon yaye ne."