Agogon Surukina Matuƙin Jirgi

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren 'yar ƙanena a Manawashi ba. Ni ne waliyyin amarya.

Mijin 'yata, Kabiru, matuƙin jirgin sama ne, ya zo biki ya sauka a gidana. Da safe na ga ya bar wani baƙin agogo a falo yana caji, ko lamba babu a fuskarsa. Tambayar suruki kuwa da kunya (ɗaukar kayansa dai ban ji kunya ba). Na ɗaura a hannun hagu don tsofaffin majalisarmu su san na waye.

Muna zaune a masallaci, liman ya fara huɗuba, sai na ji hannuna ya yi zirrr. Ya tsaya. Ya sake, da ƙarfi. Jama'a, haka ciwon yayana ya fara, hannun hagu na rawa, kafin la'asar ɓarin jikinsa ya shanye. Gumi ya karyo mini. Na shafa bakina in ji ko ya karkace. Na fara kalmar shahada ƙasa-ƙasa.

Liman ya dube ni. "Malam, kun bayar?"

Daidai nan abin ya shiga bugu ba tsayawa. Na ce, "Ku riƙe ni! Mutuwa ta zo!" Na kife a kan tiren goro.

Masallaci ya hautsine. Masu tofi na tofi, wani ya ruga kiran Emeka mai kemis. Sai ga Kabiru ya ratso jama'a, ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, a ba ni hannun."

Ya kwance agogon, nan take na warke.

Ashe kayan aiki ne da ake gwadawa. Wai a sama in ƙararrawa ta yi yawa, kunnen matuƙi kan daina ji, sai wannan ya girgiza masa hannu ya ankara. Kabiru agogonsa yake nema, yana ta danna wayarsa daga sahun baya, agogon na girgiza.

Wani Babarbare abokin wasana ya leƙo fuskata. "To kyaftin, mun sauka lafiya?"

Sai da liman ya gama ɓoye dariyarsa da tari a cikin rawaninsa kafin ya sake tambayata.

Yanzu ko hular mutum aka ce in miƙo, sai na tambaya ko tana motsi.