Jajen Mai Malafa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na sa kaftani mai guga, na hau jirgin ƙasa daga unguwarmu Parkchester zuwa tsakiyar Manhattan don in yi wa mawaƙi jaje ba. Farkon shekarun casa'in ne, ban daɗe da zuwa New York ba, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Bronx, kuma a lokacin ji nake babu abin da ban sani ba game da Amurka.

Kiɗan kantiri ne ya jawo min wannan ji da kai. Duk wanda ya tashi a Kaduna a zamaninmu ya san yadda rediyo ke sakin waƙoƙin nan na Turawan karkara ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Akwai mawaƙi guda da babanmu ya fi so, a gida Mai Malafa muke ce masa saboda hular da ke kansa a jikin kowane kaset. Murya ce mai kauri, ba ya gaggawa, daga shi sai jitarsa. Da waƙarsa na yi karatun jarrabawa, ita kuma muka yi ta sawa a makon da babanmu ya rasu. Ina ƙaunar mutumin nan kamar ɗan uwa, ko da yake bai san da zamana a duniya ba.

Da na iso New York sai na tarar babu mai ji da shi. A wurin aiki na ambaci sunansa, wata ta tambaye ni ko sabon likita ne. Ana cikin haka ya fitar da sabon faifai. Na sayi jarida, sai ga mai sharhi ya yi masa wankin babban bargo: wai murya ta gaji, wai waƙoƙin duk iri ɗaya ne, daga mata ta tafi sai mota ta lalace. Na je shagon kaset na unguwarmu, mai shagon sai da ya durƙusa ya laluba ƙasan kanta kafin ya zaro guda ɗaya. Na leƙa wurin masu sayar da kaset a titin 116, 'yan Nijar da 'yan Senegal, ko sunansa ba su taɓa ji ba. Shi ke nan na gama bincikena (unguwa biyu da jarida ɗaya, a ƙasar da ake kwana ana tafiya ba a fita jiha guda ba), na yanke hukunci kasuwa ta watse wa bawan Allah.

Abin da ya ƙarasa karya min zuciya shi ne sanarwar da na gani cewa zai zauna a wani babban shago ya riƙa sa hannu a kan faifan. A gida, ranar da ka ga mawaƙi ya zauna a shago yana tallan kaset ɗinsa da kansa, ka san ta ƙare masa. Mu kuwa ba a bar mutum shi kaɗai cikin asara. Ana zuwa a jajanta, a dunƙule ɗan abin da ya samu a saka masa a hannu ba tare da kowa ya gani ba.

A nan Rahila ta shigo. Ma'aikaciyar jinya ce 'yar Kafanchan, ta riga ni zuwa ƙasar da shekaru, kuma na daɗe ina nemanta ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Abin da na sani kawai shi ne ta sallami wani kafin ni saboda iyayi da cika baki. Na gayyace ta don ta ga ni mutum ne mai zumunci, na kuma ƙudurta a hanyar dawowa zan yi mata maganar aure. Ban gaya mata jaje za mu ba, na ce dai za mu gaida wani dattijo.

Muna isa muka tarar da layi ya fito daga shagon ya zagaye kwana. Turawa ne maza da mata, da yawansu da malafa da dogayen takalma, wasu daga nesa suka tuƙo mota. Mai hankali da a nan zai tsaya ya yi tambaya. Ni kuwa sai na ji daɗi, na ce ashe Turawa ma sun san jaje. Rahila ta ce ita dai mutanen nan ba su yi mata kama da masu baƙin ciki ba, na yi mata bayani a tsanake cewa haka suke, ba sa nuna damuwa a fuska. Muka shiga layi.

Da layi ya zo kaina na gan shi zaune bayan tebur, ya ɗan tsufa, gemu ya yi fari. Hawaye suka kusa zubo min. Na rusuna, na kama hannunsa da hannu biyu, na fara da Turancina na makarantar mishan. Na ce mun ga abin da ya faru, mun karanta jarida, ya yi haƙuri, haka kasuwa take, Allah zai mayar masa da alheri. Na ƙara da cewa ko duk Amurka ta juya masa baya, Kaduna na tare da shi. Sannan na zura masa takardar kuɗin da na ninke ƙanana a tafin hannu, na rufe masa yatsu.

A gida wanda aka yi wa haka hannunsa yake kaiwa aljihu, ya yi godiya ƙasa-ƙasa, magana ta wuce. Shi buɗe hannun ya yi a gaban jama'a. Ya warware takardar, ya ɗaga ta sama yana juyawa, ya tambaye ni cikin ladabi ko kuɗin mene ne wannan.

Na ce, “Na rage asara ne.”

Wata mata daga kamfanin faifan da ke tsaye kusa da shi ta matso. Ba ta ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit har na bayan layi sun ji. Ta ce faifan nan tun fitowarsa ake wawasonsa a kudu da tsakiyar ƙasar, masana'anta ma ba ta iya biyan buƙata, kuma a cikin duk abin da ya taɓa fitarwa babu wanda ya kai shi kasuwa. Ta nuna min wani faifai mai ruwan zinariya cikin gilashi a jingine bayansa, kyautar da ake ba wanda aka sayi faifansa da yawan gaske. Na gan shi tun ina layi. Na ɗauka agogon bango ne.

Kunya irin wannan ban taɓa ji ba. Ina rusune, na kasa miƙewa, na kasa zama, gumi yana bin bayana cikin shadda. Mai Malafa ya yi dariya har da dukan tebur. Da ya lafa sai ya ce shi ma ya karanta sharhin nan, kuma ya yi masa zafi, amma duk ƙasar ni kaɗai na zo ba shi haƙuri. Ya soke takardar a igiyar malafarsa ya ce ba zai mayar ba. Mutane suka hau tafi (tafin ya fi min dariyar ciwo). Na waiga, babu Rahila.

A waje na same ta, ta jingina da bango tana share hawayen dariya. Muka hau jirgi, har muka wuce Harlem kafaɗunta na ta rawa don dariya. Maganar aure kuwa na binne ta, na san na yi iyayin da ya fi na wanda aka sallama. Ina ta tsara yadda zan sauya coci don kada mu riƙa haɗuwa.

Saura tasha ɗaya kafin ta sauka, sai ta juyo.

“Malam, yaushe za ka aika gida wurin babana?”

Na ce ta daina yi min ba'a, abin da ya same ni ya ishe ni.

“Ba ba'a nake ba. Mutumin da ya ɗauko kuɗinsa ya zo tun daga Bronx saboda ya ji an ce wani ya faɗi, ranar da ni na faɗi ba zai gudu ba. Amma bincike ka bar min.”

Na bar mata har yau. Idan aka ce wani ya yi asara, kaftanina na nan a goge kuma niyyata ba ta sauya ba, sai dai ba na fita ƙofa sai Rahila ta buga waya ta tabbatar cewa mutumin bai fi mu arziki ba.